Ido ba mudu ba ne: awon lafiyar ruwan gulbi

Yau maganarmu bisa lafiyar ruwan gulbi take. Kowa ya san ana auna hatsi da tiya, ana auna gona da igiya, ana auna ruwan sama da ƴar kwalbar nan da malamin gona ke kafawa a bakin gari. To, lafiyar ruwa fa? Da me ake auna ta? Wa ke awon? Ina amfaninsa ga mai fangalin albasa ko mai garken shanu?

Kafin mu amsa, mu bi sawun ruwan tukuna.

Gulbin Maraɗi ba a Maraɗi ya faro ba. Daga ƙasar Katsina ya taso, cikin Najeriya, inda ake ce masa Gada. Ya ratsa Jibiya, ya shigo ƙasarmu ta kudancin Madarumfa, ya bi ta Jiratawa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji. Daga nan ya sake komawa Najeriya, ya faɗa gulbin Rima. Rima ya bi ta Sakkwato, har ruwan ya ƙare cikin babban kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, can ƙasa da Gaya. Ke nan mutumin Madarumfa yana karɓar abin da na Jibiya ya saki. Na Tibiri yana karɓar abin da birnin Maraɗi ya saki. Gobirawan da ke hayin iyaka kuwa suna jiran abin da mu duka muka saki. Babu wanda ba shi da na sama da shi, babu wanda ba shi da na ƙasa da shi.

Duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa cikin gulbi guda, mu kira ta ƙwaryar gulbi. Ku dubi ƙwarya: abin da aka zuba a bakinta, gindinta zai tarar. Gonar tudu da ke nesa da gulbi da tafiyar yini guda tana cikin ƙwaryar, in dai ƙoramarta can ta nufa. Haka Maggiya take a ƙasar Adar da Ƙonni, haka Gulbin Kaba, haka ƙoramun Matamai da Magarya. Shi ya sa ba a gyara ruwan gulbi gari-gari. Ƙwaryar duka ake dubawa, kuma ba a san inda za a sa hannu ba sai an yi awo.

Abin da ido da hanci ke ganewa

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Awon farko ku ke yin sa, tun ma'aikaci bai zo ba.

Kun san ruwan farko da gulbi ke kawowa in damina ta faɗi. Ga kumfa, ga leda, ga kashin dabbobi, wani lokaci har da mushe. Dattin rani ne gaba ɗaya ya kwaso, daga kasuwa, mahauta, marina, majema da bayan gari. Cikin shekara duka da wuya a sami ruwan da ya kai shi haɗari. Kada a sha shi. Kada a bar yara su faɗa ciki, komai murnar zuwansa.

Jan ruwa kansa ba guba ba ne, ƙasa ce. Amma ƙasar wa? Ku cika farin butali da ruwan gulbi, ku ajiye shi ya kwana. Da safe ku auna lakar da ta kwanta a gindi da yatsa. Wannan lakar, naman gonakin tudu ne ruwa ya yanko. Mai gonar ya yi asara, na fadama ma ya yi: laka ke cike tafki, ta toshe hanyoyin ban ruwa, yashi kuma ya cinye moto-pompo. Inda mutanen tudu suka yi rabin wata, jeren duwatsu da sassaben zamani, ruwa na gangarowa a hankali, lakar butalin na raguwa. Wanda ya riƙa wannan ɗan awo duk damina, a wuri guda, zai gani da idonsa ko aikin raya ƙasa na tudu yana da amfani.

Da rani, in ruwan da ya kwanta ya koma kore shar, ya yi yauƙi, yana wari, to abinci ya yi masa yawa. Takin zamani da ruwa ya wanke daga garake, kashin shanu da ruwan wanke-wanke, su ke ciyar da gansakuka da kainuwa. Ku je bakin tafkin da asuba. In kun tarar da kifi ya taso sama yana buɗe baki, iska ce ta ƙare masa. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ta narke cikin ruwa. Da dare gansakuka da ruɓaɓɓen datti suna shanye wannan iska, shi ya sa mutuwar kifi ta fi aukuwa da goshin asuba. Masunta, ku lura da wannan: tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama, saboda haka suna jure mugun ruwa. Giwan ruwa ba ya jurewa. In tafkin da a da ke ba da kifi iri-iri ya koma tarwaɗa kaɗai ke shiga koma, ana iya cewa yawan su ne ya jawo, amma a tuhumi ruwan shi ma.

Masu garka kuma, ku dubi bakin fangali bayan ban ruwa. In wani farin abu kamar toka yana fitowa bisa ƙasa, bakin ganye yana ƙonewa, gishiri ne ko kanwa. Mutanen ƙoramun Damagaram sun san wannan sarai. Albasa ba ta son gishiri ko kaɗan, dabino kuwa yana jurewa.

Akwai kuma ƴan katantanwa da ke maƙale jikin ciyawar ruwa. Su ke rainon tsutsar tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya shiga katantanwa, ya girma, ya fito, ya huda fatar wani yaron da ke wanka. In yaran gari da yawa na fitsarin jini, kada ku ce alamar balaga ce. Ruwan ne ke ba ku labari.

Abin da ya faru a Tibiri

Duk wannan ido ya gani. Amma akwai inda kimar ido ke ƙarewa, kuma mutanen Tibirin Gobir sun biya kuɗin wannan karatu da tsada.

Wajen shekarar 1985 aka fara ba garin ruwan pompo daga rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa ne fari tas, ba wari, ba laka. Kowa ya yi murna, an huta da guga. Shekaru suka wuce. Sai haƙoran yara suka fara yin ja, suna dabbare-dabbare. Ƙafafun wasu suka lanƙwashe, wasu kawunansu suka yi girma, wasu tafiya ta gagare su. Da aka auna ruwan, sai aka tarar da wani sinadari da ake kira fuluwor, wanda ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa yana ɓata ƙashi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1 da rabi cikin litir guda. Na Tibiri ya ninka haka sau 3 ko fiye. Sai wajen 2001 maganar ta fito fili ƙasa duka ta ji. Lokacin ɗaruruwan yara sun riga sun naƙasa, dubbai kuma haƙoransu sun ɓaci.

Mene ne miligiram? In an raba giram guda kashi 1000, kashi ɗaya shi ne miligiram. Ƙwayar sukarin shayi ta kai kamar giram 5. Ku narkar da ita cikin tano 16 na litir 200, kun sami kusan miligiram 1 da rabi cikin kowane litir. Wane harshe zai ɗanɗano wannan? Wane ido zai gan shi?

Ruwan Tibiri na ƙarƙashin ƙasa ne, ba na gulbi ba. Mun kawo shi ne don abin da ya koya mana ya shafi kowane ruwa: farin ruwa ba shaidar lafiya ba ne. Kuma a fadamar Maraɗi ruwan sama da na ƙasa ƴan ɗaki ɗaya ne. Cikowar gulbi ita ke shayar da rijiyoyin fadama marasa zurfi. Abin da ya shiga gulbi da damina, yana iya fitowa cikin guga da rani.

Kayan awon ma'aikata

In ma'aikatan ruwa suka zo da ƴar akwatinsu, ku matso ku gani, ku yi tambaya. Ba tsafi ba ne.

Wasu awon a bakin ruwa ake yin su nan take. Akwai doguwar kwalba mai alama a gindi. Ana zuba ruwa a hankali har alamar ta ɓace wa ido, sai a karanta lambar da ruwan ya kai. Awon laka ke nan. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar bik da ake tsomawa cikin ruwa, ya nuna yawan gishirin da ya narke ciki, domin ruwa mai gishiri ya fi ɗaukar lantarki. Masu garka, ga lambobin da za ku riƙe: in gishirin bai kai rabin giram cikin litir ba, ku yi ban ruwa hankali kwance. In ya wuce giram 2, yawancin kayan garka za su wahala, ƙasar kuma ta riƙa mutuwa shekara bisa shekara. Akwai awon tsami da kanwa, mai lamba daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya, ruwan kirki yana tsakanin 6 da rabi da 8 da rabi. Sai awon iskar da ke cikin ruwa: kifi na son kamar miligiram 5 cikin litir, in ta faɗi ƙasa da 2 sai mutuwa.

Awon da ya fi shafar lafiyar iyali shi ne na ƙwayoyin cuta. Ana tace kashi ɗaya cikin 10 na litir bisa wata ƴar takarda mai ƙananan ƙofofi. A sa takardar bisa abincin ƙwayoyin, a rufe cikin ɗumi na digiri 44, ta kwana. Washegari duk ƙwayar da ke ciki ta hayayyafa ta zama ɗigo, sai a ƙirga. Ƙwayar da ake nema ita ce wadda ke zaune cikin hanjin mutum da na dabba. In an gan ta, to kashi ya shiga ruwan, kuma inda kashi ya bi, kwalara, zawo da zazzaɓin taifot suna iya bi. Ruwan sha, ko ɗigo ɗaya bai kamata a samu ba. Ruwan gulbi da na tafki kusan kullum ana samu. Mutanen Madarumfa ba su manta da daminar 2018 ba, lokacin da kwalara ta ɓulla can cikin watan Yuli, ta bazu, ta kama sama da mutum 3500 cikin ƙasa, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Sauran awon sai an kai ruwan ɗakin bincike. Can ake neman nitarat, wanda ke fitowa daga salga, garken dabbobi da takin zamani. Iyakarsa miligiram 50 cikin litir. In ya wuce, jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ya fi cuta, domin yana hana jininsu ɗaukar iska. Can ake neman fuluwor, dalma, zaiba da ragowar maganin ƙwari. Waɗannan na ƙarshe awonsu na da tsada, kayan aikinsu ba ko'ina suke ba, shi ya sa su aka fi tsallakewa. Alhali su ne ba sa fita ko an tafasa ruwa.

Mu tsaya nan kaɗan, don mata masu ɗebo ruwa. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayar Aquatabs ma haka: a bi abin da aka rubuta jikin takardarta, a jira rabin awa kafin a sha. Amma ba ta aiki sosai cikin ruwa mai laka. Sai an bar shi ya kwanta, ko a sa alif ko dakakken ƴaƴan zogala, a tace da tsumma mai tsabta tukuna. Fuluwor, nitarat da guba kuwa, wuta ba ta kore su. In ma an daɗe ana tafasawa, ruwa ke raguwa, su suna nan.

Ina ake awo, kuma yaushe?

Awo ɗaya ba ya faɗin gaskiyar gulbi, kamar yadda damina ɗaya ba ta faɗin halin gona. Sai an auna sama da gari, an auna ƙasa da gari, a rana guda. Bambancin da ke tsakani shi ne abin da garin ya zuba. Sai an auna farkon cikowa, tsakiyar damina, da lokacin da ruwa ya ja baya. Kuma sai an haɗa da awon yawan ruwa. Cokalin gishiri cikin randa ba a jin sa, cikin moɗa kuwa ba ya shayuwa. Datti guda ne, amma in ruwa ya ragu, ƙarfinsa ya ƙaru. Tun da aka gina madatsar Jibiya, wajen 1990, mutanen fadamar Maraɗi ke kukan cikowa ta rage. Raguwar ruwa ba maganar ban ruwa kaɗai ba ce, har lafiyar wanda ya rage ta shafa.

Mu ɗauki misalin kogin Isa a Yamai, inda ruwan Gulbin Maraɗi bai kai ba, amma darasin ɗaya ne. Kogin ya taso daga tsaunukan Gine, tsawonsa kusan kilomita 4200, kamar 550 daga ciki a ƙasarmu. Sau 2 yake cikowa a Yamai. Cikin Agusta da Satumba akwai jar cikowa, wadda Goruwol, Dargol da Sirba ke kawowa daga wajen Burkina, cike da jar ƙasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ruwan Gine ke isowa, bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a hanya. Wanda ya auna kogin cikin Satumba da wanda ya auna cikin Janairu, sai ka ce ba kogi ɗaya suka auna ba. Da bazara kuwa ruwa na ƙanƙancewa ƙwarai. Cikin Yunin 1985 ma ya tsaya cak a Yamai. Amma dattin birni ba ya hutun bazara. Kwarin Gunti Yena na kwararo ruwan unguwanni cikin kogi, ga na majema, ga na mahauta, masu garka da masu shinkafa na ƙasa da birni kuma da wannan ruwa suke aiki.

Sabuwar damuwa ita ce zinariya. A yammacin ƙasa, wajen Koma Bangu da bakin Sirba, masu haƙa suna aiki da zaiba da wata guba da ake kira siyanir don raba zinariya da dutse. Siyanir na kashe dabbar da ta sha nan take. Zaiba ita a hankali take aiki: ta kwanta cikin laka, ta shiga ƙananan halittu, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. Samarinmu da yawa na zuwa wuraren zinariya cin rani. Su tuna da Zamfara: a 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya, wanda ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400, ta ɓata ƙasar garuruwa da tafkunansu. Kada kowa ya kawo dutsen zinariya gida, kada a wanke shi inda mutane da dabbobi ke sha.

Rabon manomi cikin ɓata ruwa

Yana da sauƙi a nuna birni da yatsa. Amma a ƙwaryar Gulbin Maraɗi da ta Maggiya, manyan masana'antu ba su da yawa. Garake ne da yawa. Kowane mai garka yana ganin abin da ya zuba kaɗan ne. A tara na mutum 1000 a gani.

Wane ne bai taɓa ganin an gama feshi, an gangara bakin ruwa an wanke pompon feshi ba? Ko an jefar da kwalbar magani cikin fangali? Ko an mai da bidon magani na ɗebo ruwa? Magungunan da ake sayarwa a ƙasa cikin kasuwa, irin su piya-piya, da yawansu ba su da izinin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance maganin ƙwari. Wasu ma an hana su ƙiri-ƙiri. Ga yadda ya kamata: in magani ya ƙare, a ɗauraye kwalbar sau 3, kowane ɗauraye a juye shi cikin pompon feshi, a fesa bisa shukar. Sa'an nan a huda kwalbar don kada wani ya yi aiki da ita, a tambayi malamin gona inda za a kai ta. Kada a yi feshi in hadari ya haɗu. Taki kuma a raba shi kashi-kashi, a rufe da ƙasa. Wanda ya watsa buhun ire gaba ɗaya, ya sake masa ruwa, rabin kuɗinsa ya ba gansakuka sadaka.

Su da guba kuwa, ko da magimfa ne ko da Gamalin, ta'adi ne. Mai yin sa ya kwashe kifin yini ɗaya, ya kashe ƴaƴan kifin shekara, ya sayar wa mutane abin da shi ba zai ba ɗansa ba. Sarkin ruwa da ƴan gandun daji su ji labarinsa.

Salga ta yi nisan mita 30 ko fiye da rijiya, kuma ta kasance ƙasa da ita wajen gangare. Mashayar dabbobi ta koma ƙasa da inda mata ke ɗiba. Baƙin man moto-pompo da matattun pil kada su kusanci ruwa. Waɗannan ba sa bukatar ko dala.

Ruwa ɗaya, ƙasashe da yawa

Tun da gulbi bai san iyaka ba, dole gwamnatoci su zauna tare. A 1964 ƙasashen kogin Isa suka kafa kwamitinsu. A 1980, a garin Farana na Gine, aka mai da shi hukumar da ake kira ABN, mai mazauni a Yamai. Ƙasashe 9 ke ciki: Gine, Kodibuwar, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru da Cadi. A 2008, a Yamai, suka amince da yarjejeniyar ruwa. Ta ce kowace ƙasa ta hana ɓata ruwa, ta ba sauran labarin awonta, kuma ta sanar da su kafin ta yi wani babban aiki da zai taɓa su. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Maiduguri a 1990, bisa ruwaye 4 da muke tarayya: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai Komadugu Yobe. A cikin gida kuma, dokar ruwa ta 2010 ta ce mai ɗibar ruwa da yawa ya biya, mai ɓata ruwa ma ya biya.

Takardun suna da kyau. Amma ta yaya za a ce wa mutum ya biya ɓarna in ba a auna ɓarnar ba? Ta yaya wakilinmu zai zauna da na maƙwabta ya ce ruwan da kuke sako mana ya lalace, in ba shi da lamba a hannu? Za a ce masa, kawo shaida. Tsayin kogin Isa kullum ana karanta shi a Yamai, shi ya sa ake iya yi wa mutane gargaɗin ambaliya. Lafiyar ruwa ba ta sami wannan gata ba. Yawanci sai wani aikin raya karkara ya zo da kuɗinsa, ko malaman jami'a da ɗalibansu sun fito bincike, a auna shekara 1 ko 2, a tsaya. Ƙananan gulabe irin namu, masu gudu wata 3 ko 4, su aka fi mantawa. Abin da ya fi ciwo, ko an auna, sakamakon na tafiya birni cikin Faransanci, mutanen da ke shan ruwan ba su ji komai ba. A ganinmu wannan ba daidai ba ne. Wanda aka ɗebi ruwan rijiyarsa yana da hakkin a dawo a gaya masa abin da aka gani, cikin harshen da yake ji.

Kayen gulbi

Nan ne ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuke da aiki. Ma'aikaci na zuwa sau ɗaya a shekara, in ya zo. Ku kullum kuna bakin ruwa. Ku sayi kaye guda, ku sa masa suna kayen gulbi. Kwamitin ruwa na gari ko ƙungiyar masu garka ta zaɓi mutum 2, namiji da mace, domin mata sun riga kowa sanin ranar da ruwa ya sake ɗanɗano.

Ranar kasuwa duk mako, a je wuri guda, a rubuta kwanan wata. A kafa sanda mai zane-zane a rubuta inda ruwa ya kai. A rubuta launinsa, da wari in akwai, da yatsun laka nawa suka kwanta cikin butali. Ranar da gulbi ya fara zuwa da ranar da ya yanke, su ma a rubuta. In kifi ya mutu, wane iri, da wane lokaci? In dabba ta sha ta faɗi, ta wa, a wace mashaya? In zawo ya kama gidaje da yawa cikin mako guda, daga ina suke ɗibar ruwa? Wannan kam kada a jira ranar kasuwa, a sanar da likita nan da nan. Bayan shekara 2 ko 3, kayen nan zai nuna abin da ko injin awo ba zai nuna ba a zuwa ɗaya. In garuruwa 10 na bakin gulbi guda suka riƙe irinsa, suka gwada a taro, za a gane daga ina ɓarna ke farawa. Da shi za ku je wajen magajin gari da ma'aikatan ruwa na jiha ku ce a zo a auna wuri kaza, a wata kaza.

In ruwa ya ɓaci farat ɗaya, ma'aikaci kuma yana nesa, ku ɗebi shaida da kanku. A sami butalin ruwan sha mai tsabta, wanda ba a taɓa sa mai ko magani ciki ba. A ɗauraye shi sau 3 da ruwan da za a ɗiba. A shiga inda ruwa ke gudu, ba bakin gaɓa ba, a fuskanci inda yake fitowa, a nutsa butalin kamar kamu ɗaya, a cika shi maƙil, a rufe. A liƙa takarda mai sunan wurin, da rana, da sa'a, da sunan mai ɗiba. A ɗebi na biyu can sama da inda ake tuhuma. A naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, ko a sa cikin ƙanƙara in akwai, a kai ofishin ma'aikatan ruwa a ranar. Na awon ƙwayoyin cuta dabam yake: kwalbarsa ɗakin bincike ke bayarwa a dafe, kuma ana son ruwan ya isa cikin awa 6.

Duk sabuwar rijiyar burtsatse da aka gina muku, kafin a yi bikin buɗe ta, ku nemi takardar awon ruwanta, ku duba ko an auna fuluwor da nitarat. In cikin Faransanci take, mushen lakkwal ya fassara, a kwafe lambobin cikin kaye, a karanta su gaban maigari da jama'a. Takardar kanta a ajiye ta cikin kayen, da ita za a gwada awon baɗi.